Ƙwan Gonar Auta

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana dafa ƙwai a kantin ma'aikatan masaƙa, guda ɗari uku kowace safiya, har mutane suka manta sunanta, sai dai a ce Babbar Kuku. Ƙarfe goma ake kaɗa ƙararrawar hutu, ma'aikata su yi layi da farantansu, a ba kowa shayi da burodi da dafaffen ƙwai guda a ɓare. Ɓarewar nan ita ce aikin. Manaja ya hana a ba da ƙwai da ɓawonsa tun ranar da aka tsinci ɓawo a cikin injin zare.

Daga gonar ƙaninta ƙwan yake zuwa. Shi ne autansu, kuma ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu, har yau Auta ake ce masa. Yana da kaji dubu biyu a bayan gari, can yake zaune da matarsa da mahaifiyarsu, Inna. Kullum da sassafe zai tsayar da 'yar motarsa a ƙofar baya ta kicin, ya sauke kiret goma na ƙwan da aka kwashe jiya da yamma, ya shigo ya sha shayi a tsaye yana tsokanar yayarsa.

Sabon ƙwai kuwa akwai taurin kai. Ɓawon yakan kama farin ya ƙi saki, kana ja yana tahowa da tsoka, ka ƙare da ƙwai duk ramuka kamar ɓera ya gwaguya. A shekarar da Auta ya fara kawo mata ƙwai Babbar Kuku ta sha wuya a kan wannan. Ta gwada gishiri, ta gwada lemun tsami, ta gwada duk abin da aka ce mata ta gwada. A hankali ta gano hanyarta. Ba a ɗora sabon ƙwai a ruwan sanyi. Sai ruwa ya tafasa yana zaɓalɓala, sannan a zura ƙwan a kwandon ƙarfe, a rage wuta, a ba shi minti goma sha biyu a agogon bango. Daga nan a tsame a juye a bahon ƙanƙara, a bar shi ya huce har ciki. A ƙwanƙwasa gindinsa, a mirgina shi a tafin hannu, a ɓare a cikin ruwa, yatsa ya shiga ƙarƙashin tantanin nan. Sai ɓawo ya zame, ƙwai ya fito sumul.

Ranar wata Laraba motar da ta hau ta lalace a hanya, ba ta iso ba sai bayan takwas. Ta shigo tana haki, ta tarar da Mai Tabarau zaune a kan kujera da baho a gabanta, tana ɓarar ƙwai tana 'yar waƙarta. Mai Tabarau dattijuwa ce da aka dawo da ita daga wajen wanke-wanke a makon da ya wuce, ba ta taɓa dafa ƙwan kantin ba.

"Baba, wa ya dafa?" in ji Babbar Kuku.

"Ni mana. Da sai in zauna in zuba wa tukunya ido har ki zo?"

"A wane ruwa kika ɗora?"

"Na famfo. Akwai wani ruwan ne ban sani ba?"

"Da sanyinsa?"

"To da me?"

"Ƙanƙarar fa?"

"Wace ƙanƙara kuma? Ke dai kin cika tsoratar da mutane da ƙwan nan naki. Zo ki gani, da kansa yake tuɓe riga."

Babbar Kuku ta leƙa bahon. Ƙwai sama da ɗari, babu ko ɗaya da ya yage. Ta ɗauki guda ta juya shi. Gindinsa a lotse yake, lotsawar da babban yatsanta ya zauna a ciki daram. Ta je wajen kiret ɗin da ya rage, ta ɗauki ɗanyen ƙwai uku ta saka a jug ɗin ruwa. Sabon ƙwai kwanciya yake yi a ƙasan ruwa. Waɗannan biyu suka miƙe tsaye a kan tsininsu, na ukun ya taso har tsakiya yana lilo.

Ba su lalace ba, za su ciwu. Amma sun yi mako uku ko fiye. Kuma sai yanzu ta lura kiret ɗin kore ne, na Auta kuwa duk ruwan toka ne.

Ta fita wajen maigadi. "Malam, Auta ne ya kawo ƙwan yau?"

"Shi ne. Nan ya ajiye mini a bakin ƙofa, ko kashe mota bai yi ba."

Tun Litinin haka yake yi, ya ajiye ya wuce. Ta ɗauka sauri yake, ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ciro waya ta kira shi. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ƙwan wa ka kawo mini?"

"Ƙwai dai ai ƙwai ne, Yaya."

"Ban tambaye ka ko ƙwai ne ba. Na wa ne?"

"Zafi ne ya sa suka ɗan rage yi, na cika miki da na kasuwa. Kwana biyu za su dawo daidai."

"Ina Inna?"

"Tana nan ƙalau. Yaya, ina cikin aiki, zan kira ki."

Ya kashe. Ta daɗe tsaye da wayar a hannu, tana neman abin da bai yi mata daidai ba a maganar. Sai da ta koma bakin murhu ta gane. Duk lokacin da ta kira Auta da safe, sai ya fita daga rumfar kaji kafin su ji juna, saboda kyarkyara. Yau ta ji shi tar, har numfashinsa ta ji.

Ta raba abincin ƙarfe goma hannunta na aiki, hankalinta na wani wuri. Ƙarfe biyu na yi ta cire rigar aiki ta hau motar da ke zuwa ƙarshen layi, ta sauka ta taka sauran da ƙafa.

Tun kafin ta kai ƙofar gonar wari ya tare ta. Ta san warin kashin kaji, ba shi ba ne wannan. Ƙofar a ɗaure take da sarƙa daga ciki, da rana tsaka. Ta buga har sau uku. Matar Auta ce ta zo ta buɗe, wadda shekara goma da aurenta amma har yau Amarya ake kiranta. Idanunta sun kumbura, gashin kaza duk ya manne mata a zane.

"Yaya, ke ce? Bai ce za ki zo ba."

"Sai na nemi izini kafin in zo ganin uwata?"

Amarya ta matsa ta ba ta hanya, kanta a ƙasa.

Rumfunan kajin guda uku ne a jere. Ta farko wayam, kejin a buɗe, kwanonin ruwa a kife. A ta biyu akwai kaji, amma sun takure, fikafikai a sake, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, wasu sun kwanta sun miƙe wuya suna buɗe baki. Ƙudaje sun yi dandazo a kan wasu buhuna da aka jingine a bango. Ba ta buɗe ba, ta ga ƙafafu sun leƙo ta bakin ɗaya.

A bayan gida, ƙarƙashin inuwar kwano, ta tarar da Inna. Tsohuwar na zaune a kan tabarma da bahon ruwan zafi a gabanta, tana figar kaza da hannunta tsirara. A gefenta an tara yankakku sun kai ashirin, a ɗaya gefen figaggu a kan leda.

"Inna, me kike yi haka?"

"A'a, 'yar nan, daga ina da ranar nan? Taya yaron nan nake, yau kwana huɗu, aikin ya yi musu yawa." Ta buɗe baki za ta ƙara magana, tari ya sarƙe ta. Ta daɗe tana yi tana dafe ƙirji.

Babbar Kuku ta durƙusa ta ɗora tafinta a goshin uwar. Kamar ta taɓa murfin tukunya.

"Tun yaushe?"

"Mura ce kawai. Shekaranjiya ta fara. Na sha magani."

Ta cire kazar daga hannun Inna ta jefar a baho, ta miƙe. Daga can ƙarshen gona take jin ƙarar shebur. Ta bi ƙarar. Auta na cikin rami har ƙugu, ba riga, gumi na zuba. A kusa da shi akwai wasu ramuka biyu da aka riga aka rufe. Da ya gan ta sai ya tsaya, ya dafa shebur ɗin.

"Nawa suka mutu?" ta ce.

"Yaya..."

"Nawa?"

"Ranar Juma'a na tsinci arba'in. Asabar ɗari biyu. Daga nan na daina ƙirga."

"Likitan dabbobi ya zo?"

"In ya zo, rahoto zai kai. In hukuma ta ji, har masu lafiyar za su kashe, su rufe gonar. Rumfa ta uku ƙalau take, wallahi ki je ki gani, suna cin abinci. Na raba su, na yi feshi."

"Waɗanda Inna ke figa fa? Ina za ka kai su?"

Ya soka shebur ɗin a ƙasa, ya kawar da kai.

"Mutane za ka ciyar? Kai Auta, kana da hankali kuwa?"

Ya fito daga ramin ya zauna a bakinsa, ya rufe fuska da hannu. "Shekara tara, Yaya. Da kaji hamsin na fara, kin sani, a bayan ɗakinki. Ki ba ni kwana biyu kawai. In rumfa ta uku ta tsira, zan iya tashi."

"Ka taɓa jikin Inna yau?"

"Mura ce."

"Ka taɓa?"

Ya ɗago ya dube ta, ta ga ya sani. Tun jiya ya sani, tsoro ne ya hana shi faɗa wa kansa.

Ta kira mijinta, wanda direban tasi ne, ta ce ya bar duk abin da yake yi ya zo gonar Auta. Kafin ya iso ta sa Amarya ta kawo sabulu, ta wanke wa Inna hannu har gwiwar hannu, ta canja mata kaya. Inna na ta faɗa.

"Asibiti a kan mura? Ku yaran zamani ba ku da aiki."

Da za a sa ta a mota, ta riƙe hannun 'yarta gam, ta rage murya. "Ki ji ni. Kada ki tona wa ɗan'uwanki asiri. In an tambaya, mura ce. Kin ji ko?"

Babbar Kuku ta gyara mata zama, ta rufe ƙofar motar. Auta ya sa riga ya shiga gaba. Har suka isa Inna tari take yi.

La'asar ta yi sosai kafin layi ya zo kansu. Likitan wata mace ce da gajiya ta bayyana a fuskarta. Ta gwada zafin jikin, ta saurari ƙirji, ta yi 'yan tambayoyi. Auta ne ke amsawa, da sauri, kafin kowa ya buɗe baki. Likita ta ja takarda ta fara rubutu.

"Mura ce mai ƙarfi, tana yawo yanzu. Ga magani, ta sha ruwa da yawa. In bai sauka ba nan da kwana uku ku dawo."

Auta ya miƙa hannu zai karɓi takardar. Inna ta fara gyara mayafi. Babbar Kuku na tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi ƙeyar ƙaninta, wanda ita ta goya shi har ya yi wayo. Ta dubi yadda kafaɗun Inna ke ɗagawa da kowane numfashi.

"Likita," ta ce. "Kaji take figa. Kwana huɗu ke nan. Kajin mutuwa suke yi, sun fi dubu."

Biron ya tsaya. Likitar ta ɗago ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja kujerarta baya kaɗan. Ta buɗe durowa ta ciro abin rufe hanci ta ɗaura, ta miƙa musu uku.

"Kowa ya sa. Kada wanda ya fita daga ɗakin nan."

Inna ta ce, "Allah Ya isa tsakanina da bakinki," amma muryar ba ƙarfi. Auta ko kallonta bai yi ba.

Kafin magariba an kai Inna wani ɗaki ita kaɗai a ƙarshen baranda. An rubuta sunan duk wanda ya shiga gonar tun Juma'a, an ɗebi majinar kowa da ɗan tsinke. Aka ce wa Babbar Kuku ta zauna a gida kwana goma, ta riƙa gwada zafin jikinta safe da yamma. Ta tambaya game da ma'aikatan masaƙa da suka ci ƙwan Juma'a da Asabar. Aka tambaye ta yadda take dafawa, ta faɗa. Suka ce wanda ya dahu har ƙwanduwarsa ta yi tauri ba a jin tsoronsa, amma duk da haka za su leƙa kantin.

Washegari Amarya ta kira ta tana kuka. Motoci uku sun zo, da mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Sun kashe rumfa ta uku gaba ɗaya, sun haƙa rami da mota, sun zagaye gonar da jan ƙyalle.

"Shi fa?"

"Yana zaune a mota tun safe. Ya ce kada in ƙara ambaton sunanki a gabansa."

Kwanakin nan goma Babbar Kuku ba ta san tana da haƙuri irin haka ba. Mijinta ya koma kwana a falo, yana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Duk ƙaiƙayin da ta ji a maƙogwaro sai ta ɗauko abin gwaji. A rana ta uku sakamako ya fito: ita da mijinta da Auta da Amarya babu komai, Inna kuwa ciwon kajin ne. A rana ta biyar wata nas ta kira ta ce an sa wa tsohuwa na'urar numfashi, a yi ta addu'a. Ta kira Auta sau bakwai a ranar, bai ɗauka ba.

Ranar da wa'adinta ya cika ta tafi asibitin. Ta tagar gilashi aka bar ta ta leƙa. Inna ta ƙanƙance a kan gadon, ta zama kamar yarinya, roba a hanci. Nas ɗin ta ce daren jiya zazzaɓin ya sauka, kuma da a ce an ƙara kwana biyu a gida, da wani zancen ake yi. Babbar Kuku ta zauna a kan benci ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Laraba.

Bayan mako biyu aka sallami Inna, aka kawo ta gidan 'yarta, tunda gonar a rufe take. Ba ta tayar da maganar ba, 'yar ma ba ta tayar ba. Sai dai ranar farko da aka kawo mata shayi ta kurɓa ta ce, "Sukarin gidan nan ma rowa ake yi da shi?" Babbar Kuku ta san an huce.

Auta ya zo a rana ta uku, da hantsi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gaida Inna ya daɗe a durƙushe, sannan ya fito tsakar gida inda yayarsa ke wanki. Ya ja kujera ya zauna. Ta ci gaba da wankinta.

"Yaya."

"Ina ji."

"Akwai abin da ban faɗa musu ba."

Ta tsame hannunta daga kumfa.

"Ranar Litinin ɗin nan, kafin ki zo, wani dillalin kaji ya zo da babbar mota. Na ba shi ɗari uku daga rumfa ta biyu. Da ransu. A lokacin suna tsaye da ƙafafunsu, wallahi suna tsaye."

"Innalillahi. Yau kwana nawa, Auta?"

"Na sani. Ba na barci. Ina kiran lambarsa, a kashe."

Ta share hannu a zane, ta shiga ɗaki ta ɗauko katin da ma'aikatan lafiya suka bar mata, ta ajiye masa a cinya tare da wayarta. Ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya danna lambar da kansa.

Da azahar suka zo suka ɗauke shi zuwa kasuwar kaji don ya nuna mutumin. Rumfarsa a rufe. Maƙwabcinsa ya ce ya fi mako biyu bai fito ba, an ce ba ya jin daɗi, amma babu wanda ya san gidansa sai dai unguwar. Kwana biyu Auta da ma'aikatan suka yi suna bi layi-layi suna tambaya.

Yammacin rana ta biyu ya kira ta. Tana tsaye a bakin murhu, Inna na gyangyaɗi a kujera.

"Mun sami gidan," ya ce.

"Alhamdu lillahi. Yana ciki?"

"Ba kowa. Mai gidan hayar ya ce kajin sun fara mutuwa a hannun dillalin, ya sayar da wasu a nan, shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da shi garinsu, shi da matarsa da 'ya'ya. Sauran kajin ma a motar aka loda su."

"Wane gari?"

"Ya ce bai taɓa tambayarsa ba."